Motar Kara da Ƙwallon Tsumma

Yau dandali za mu leƙa, wurin yara.

Da zarar an girbe dawa, kara ya bushe a gona, aikin yaran ƙauye ya samu. Yaro zai zaɓi sille mai kauri, ya sa haƙori ya ɓare bayansa siri-siri, ya yayyanka totuwar gunduwa-gunduwa, ya yi ta soka ɓawon a cikinta har gangar mota ta tashi. Taya kuwa daga tsohon silifa ake yanko ta. Kafin la'asar ya ɗaura zare yana ja, bakinsa na kukan inji, ƙannensa na biye suna roƙon a ɗauke su fasinja. Wataƙila koko kaɗai ya sha tun safe, amma ranar nan shi ne direba.

Yawancin wasannin Bahaushe ba sa cin ko kwabo. Langa ƙafa ɗaya take so da fili: ka kama babban yatsan ƙafarka ta baya, ka yi tsalle, ka ture abokin karawa. Carafke tsakuwa ce, 'yar gala-gala zane a ƙasa, gaɗa tafi da murya a farin wata. Ƙwallo ma, in babu ta kanti, tsumma da leda sun wadatar. Langar da ake yi a turɓaya har ta kai ga shiga Gasar Wasanni ta Ƙasa a Nijeriya, tare da dambe da kokawa.

Ko a inda masifa ta sauka, wasan ba ya mutuwa. A watan Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwannin Maiduguri, har aka sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da gwamnatin Borno ta rufe a 2021. A irin waɗannan sansanoni, manya na zaune sun yi tagumi, yara kuwa sun riga sun kafa duwatsu biyu a matsayin raga. Shi ya sa UNICEF da takwarorinta ke keɓe wa yara rumfar wasa da zane a sansani, kusa da wurin rabon abinci da magani.

Sai dai a nan ne manya kan yi kuskure. Sukan ga yaro na dariya su ce ai yaro bai san komai ba. Ya sani sarai. Yaron da ya tsere wa hari, in ka ba shi kara, sau da yawa bindiga zai haɗa maimakon mota. Abin da bakinsa ya kasa faɗa ne yake fitarwa da hannu, kuma mai hankali zai zauna ya kalla, ba tsawa zai daka masa ba.

Akwai kuma yaron da ba ya wasan sam. Ma'aikatan jinya a cibiyoyin tamowa sun san shi: yana kwance shiru a cinyar uwa, ko ƙuda ba ya kora. Ranar da ya miƙa hannu ya kama cokali yana bugawa, ranar suke cewa sauƙi ya fara zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa wasa na minti 15 zuwa 30 kullum cikin matakan jinyar irin wannan yaro.

A Kingston ta ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, likita Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar. Wasu daga cikinsu ana kai musu ziyara mako-mako tsawon shekara biyu, ana nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da su da kayan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20, waɗanda aka yi wa ziyarar sun fi sauran samun kuɗi da kashi 25 cikin ɗari.

Abin takaici, dandalin kansa yana ƙanƙancewa. An yanka filayen unguwa an yi shaguna, talla ta cinye yammacin 'yan mata, tsoron ɓata-gari ya sa ana kulle ƙofa da magariba. Tashe, da yara ke farawa daga goma ga azumi, 'yan sanda sun sha dakatar da shi a Kano saboda tsaro. Alhali sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989, wadda Nijeriya da Nijar suka amince da ita, ya lissafa wasa cikin haƙƙoƙin yaro, kuma tun 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 11 ga Yuni a matsayin ranar wasa.

Don haka iyaye, masu unguwanni da malaman tsangaya, a bar wa yara fili a kowace unguwa, a bar musu sa'a guda da yamma wadda babu talla babu aike. Wanda kuma aka ga ya daina wasa kwana biyu, a duba lafiyarsa, a garzaya da shi asibiti.