Da Bakin Wa Labarin Ya Fito?

Duk wanda ya taɓa ratsa Sharada a Kano da rana tsaka ya san rafin Salanta tun kafin ya gan shi, domin hanci ne ke fara kai masa labari. Ta nan dagwalon kamfanonin fata da sauran masana'antu ke gangarawa zuwa kogin Challawa. A ɓangaren Bompai kuwa, ruwan yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, kuma a kan hanyarsa akwai masu lambu da ke shayar da latas da alayyafo da shi.

A tsayar da mutum huɗu a tambaye su labarin wannan ruwa. Mai kamfani zai fara da yawan bayin Allah da ke cin abinci a ƙarƙashinsa, ya gangaro kan tsadar wuta da dizal. Lebura zai ce warin ya daina damunsa tun shekarar farko, fargabarsa kada a wayi gari a ga ƙofar kamfani da kwaɗo, kamar yadda aka yi wa masaƙu da dama. Mai lambu zai ce ko me ke cikinsa, ruwa ne da ba ya ƙafewa da rani. Uwar da gidanta ke bakin rafin kuwa, maganar rijiya da tarin yara za ta yi. Ba lallai a sami maƙaryaci a cikinsu ba. Kowa daga inda yake tsaye yake hange.

Yaron da ya tashi a Ja'en ko Panshekara ko Dakata bai buƙatar a faɗa masa haka. Ya ji yadda babansa ke ba da labarin rage ma'aikata, ya kuma ji yadda sanarwar kamfani ta faɗe shi. Amma da zarar ya shiga aji aka buɗe darasin auna fahimta, sai wannan wayon ya tsaya a bakin ƙofa tare da takalmansa. Tambayoyin da ke ƙarƙashin labari kusan kullum iri ɗaya ne: wa ya tafi kasuwa, me ya sayo, yaushe ya dawo. Yaro ya bi layi da yatsa, ya tsinto amsa, ya kwafe, malam ya ba shi maki. Ba kasafai ake tambayarsa da bakin wa labarin ya fito ba, balle me mai bakin yake so a yarda da shi.

Abin da malaman karatu ke kira mahanga ke nan, wato kusurwar da mai magana ke kallon al'amari daga gare ta. A cikin labari guda ana iya samun mahanga uku: ta marubucin da ya riƙe alƙalami, ta mai ba da labarin da marubuci ya ɗora wa maganar, da ta taurarin da ke cikinsa. Ɗan aji huɗu yakan cakuɗa su wuri guda. Manya ma suna yi.

Bahaushe kuwa yana da littafin da kamar don wannan darasi aka rubuta shi. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, aku ne ke zuba labarai a littafi na ɗaya, kuma ba don nishaɗi kawai yake yi ba. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi, ɗansa Musa yana ta ɗokin ya bi sawu, Waziri kuma yana ƙulla makirci. Aku yana jan Musa da labari ne don ya riƙe shi a gida har gari ya waye. Saboda haka kowane labari yana da fuska biyu, abin da ya faru a cikinsa da dalilin da ya sa aku ya zaɓe shi a wannan dare. Yaron da aka tambaya me ya sa aku bai gajarta ba, ya yi shiru ya ce ai so yake asuba ta yi, to ya kama bakin zaren. Wanda ya haddace sunayen taurari kaf amma bai gano wannan ba, da sauransa.

Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar rubutu da Rupert East ya shirya a 1933, tarkonsa daban ne. Sunan tauraron Alhaji Imam, sunan marubucin Abubakar Imam, kuma tauraron da bakinsa yake magana. Yara da yawa sukan ɗauka marubucin, wanda a lokacin malamin makarantar Midil ta Katsina ne, shi ne da kansa ya yi yawon da ke cikin labarin. Ga kuma Malam Zurƙe ɗan Muhamman, wanda duk abin da mai karatu ya sani game da shi daga bakin abokin hamayyarsa ya ji. Da Zurƙe ne ya karɓi maganar, wa zai fito a matsayin mai wayo, wa zai fito a matsayin mugu? Aji yakan yi zafi a kan wannan tambaya fiye da kowace.

To, ta yaya yaro zai gane mai magana? Harshen Hausa ya sauƙaƙa aikin. Farko a dubi wakilin suna. In labari yana tafiya da "na" da "muka", mai ba da shi yana ciki tsundum, kuma abin da idonsa ya gani kaɗai zai iya faɗa. In da "ya" da "suka" yake tafiya, daga gefe yake kallo. Sai zaɓin kalma, inda ra'ayi ya fi ɓuya. An sallami ma'aikata da an kori ma'aikata, abu ɗaya ne ya faru a bakin ƙofar kamfani, amma bakin da ya faɗa ba ɗaya ba ne. Haka ruwan kamfani da dagwalo, haka ya rasu da ya mutu da ya sheƙa barzahu.

Sai kuma "wai", wadda ita kaɗai ta isa darasin mako guda. Malam ya rubuta a allo cewa manaja ya ce za a biya albashi ranar Juma'a, sannan ya sake rubutawa da "wai" a gaban "za a biya". Kalma ce mai harafi uku, amma ta nuna mai maganar ya janye jikinsa, bai ɗauki alhakin zancen ba, ƙila ma bai gaskata ba. Duk ɗan lebura ya san muryar da ake furta wannan "wai" da ita a tsakar gida. Abin da ya rage a nuna masa ita a rubuce. "Ashe" ma haka take, tana tona cewa mai magana bai zaci abin ba.

Ga 'yan aji shida, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa ya fi nauyi. Umar yana ba almajiransa tarihinsa bayan ya zama babban malami, yadda aka sace shi yana ƙarami har aka ƙetare hamada da shi, kuma yana faɗa cikin natsuwar wanda ya ga ƙarshen wahala. Mahaifiyarsa da ta bi sawunsa ta faɗa hannun masu cinikin bayi ba ta ga wannan ƙarshen ba sai a bakin ajalinta. Natsuwar Umar ba ta nufin marubucin yana ganin bauta ƙaramin abu ce, ai shi ne ya zaɓi ya nuna wahalar uwar. Raba waɗannan biyu shi ne matakin da ake so ɗalibi ya taka kafin sakandare.

Wani zai ce yaran da ke fama da haɗa baƙi da wasali, a ajin da wani lokaci ya haura mutum ɗari, ina su ina mahanga? Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Shirye-shirye irin su RANA a Katsina da Zamfara, da KaLMA da aka gwada a Wudil da Dawakin Tofa, sun fi ba da ƙarfi ga tushen karatu da lissafi, kuma dole ce ta sa. Sai dai wannan darasi bai jiran yaro ya ƙware. Da baki ake fara shi. Malama ta ba da tatsuniyar Gizo, sannan ta ce wa zai maimaita ta da bakin Ƙoƙi. Ba a buƙatar sabon littafi ko kwabo.

Amfaninsa kuma bai tsaya ga jarrabawa ba. A cikin Sharada ɗin nan gidan rediyon Freedom yake, wanda ya fara aiki a 2003, kuma shirye-shiryen siyasa irin su Kowane Gauta suna shiga gidaje da shagunan Kano da dare. Yara suna jin sojojin baka na kowane ɓangare suna wasa gwaninsu. Lokacin da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, hukuma ta yi bayaninta, masu masana'antu suka yi nasu, ma'aikata suka yi nasu. Gobe waɗannan yaran ne za su riƙe waya suna karanta abin da aka turo a WhatsApp, ba sunan marubuci, ba kwanan wata.

Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, kuma hankali ya fi karkata ga azuzuwa da kujeru da ɗaukar malamai. Hukumar SUBEB da masu tsara jarrabawar kammala firamare suna da gyara ɗaya mai araha a hannunsu: a ƙarƙashin kowane labarin auna fahimta a ƙara tambayar wa ke magana a nan, da kuma wace kalma ce ta nuna ra'ayinsa. Iyaye ma, in yaro ya gama karatun gida yau da dare, a yi masa wannan tambaya.