Ƙara wa gatarin mota ƙarhi: walda ba ta son gaggawa

 Yau za mu yi magana a kan motocin daji, irin Land Rover da Toyota Land Cruiser. Su ne ke ɗaukar mutane da kaya a hanyar rairayi, kamar ta Agadas zuwa Bilma. Ko kai direba ne, ko yaron mota, ko fasinja, zancen ya shahe ka.

Duba ƙarƙashin motar daga gaba. Za ka ga wani dogon ƙarhe ya haɗa tayoyi biyu. Shi ne gatari, makanikai na ce mishi "pon". Land Cruiser 70, wadda aka soma ƙerawa a 1984, tana da irin shi. Gatarin bututu ne. Cikinshi akwai mai, da sandunan ƙarhe 2 masu juya tayoyi.

Kaya in sun yi yawa, kuma mota ta dira daga tudun rairayi da gudu, bututun na iya lanƙwashewa. Ga alamu 3: taya na cinyewa ta gehe ɗaya, mai na yoyo kusa da taya, mota na ja zuwa hannu guda. Don gudun haka ne ake liƙa wani ƙarhe mai kaurin milimeta 5 ko 6 a jikin bututun, a kuma sa ƙananan madogarai a bakinshi, kusa da tayoyi.

Amma a nan haɗarin yake. Kun san fata in an shanya ta a rana, tana bushewa tana tattarewa. Haka walda take. Ƙarhe in ya yi zahi, sai ya buɗe. In ya huce, sai ya tsuke, ya jawo abin da ke kusa da shi. Mai walda in ya bi bututun daga wannan baki zuwa wancan bai tsaya ba, da hannunshi zai lanƙwasa gatarin. Sauri ya haihi nawa ke nan.

Ga yadda aikin kirki yake:

1. A kwance gatarin daga mota. A tsiyaye mai. A hidda sandunan ciki da robobin da ke tsare mai, don wuta na ƙona su.
2. A auna gatarin, a tabbata miƙe yake. In ya karkace, a miƙe shi tukuna. Wanda ya liƙa ƙarhe a kan karkataccen gatari, ya tabbatar da karkatar.
3. A goge tsatsa, da maiƙo, da penti, har ƙarhe ya yi haske.
4. A ɗora sabon ƙarhen, a ɗiga mishi walda nan da can, don ya zauna.
5. A liƙa kaɗan-kaɗan, kamar santimeta 3. A yi dama, a koma hagu. A bari ya huce har a iya taɓa shi da hannu, kana a ci gaba.
6. Kada a zuba ruwa don ya huce da wuri. Ruwa na sa walda ta tsage.
7. In an gama, a sake aunawa kahin a mayar.

In dole sai an yi aikin a jikin mota, a cire wayar batir, a nisanta wuta da tankin mai. Mai walda ya ruhe ido da gilashin aikin. Yara kada su tsaya kallon hasken, yana ɓata ido.

Mai mota, kada ka tsaya kan makanike kana cewa ya yi maza. Aikin na iya cin yini guda. Kuma ka sani, gatari ne kaɗai ya ƙara ƙarhi. Birki da tayoyi suna nan yadda suke. Kada ka ƙara kaya, kada ka ƙara gudu. Rayukan mutane ne a bayanka, kuma cikin Tenere babu garaji kusa.

Ku tattauna da malaminku: don mi ba a sanyaya walda da ruwa? Waɗanne alamu ke nuna gatari ya lanƙwashe? Kowa ya rubuta amsa cikin littahinshi.

Allah ya kai mu mako mai zuwa lahiya.