Batirin rikoda: Ƙaramin abin da kan cinye waƙar dare guda

Mawaƙin baka na Hausa ba ya maimaita waƙa yadda ya yi ta jiya. Duk wanda ya saurari kaset-kaset na Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, zai ji waƙa ɗaya ta fito da siga daban-daban, gwargwadon taron da aka yi ta da mutanen da suka halarta. Haka lamarin yake ga Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa. Muryar da ta rage mana ta waɗannan bayin Allah ita ce wadda wani ya tsaya ya naɗa.

A yau ɗaliban jami'a masu nazarin adabin baka, da ma'aikatan gidajen rediyo, da matasa masu ɗaukar bukukuwa, suna shiga taro da ƙananan rikodojin hannu irin su Zoom da Tascam. Abin mamaki, sai ka ga mutum ya zuba kuɗi masu yawa a kan na'urar, amma a kan hanyarsa ta zuwa wurin wasa ya tsaya gun mai tireda ya sayi batir mafi araha. Idan ya mutu a tsakiyar waƙa, babu mai cewa makaɗi ya koma farko.

Baturan da ake kira AA duk girmansu ɗaya, amma cikinsu ya bambanta, kuma lambar da ke jikinsu ta fi sunan kamfani faɗin gaskiya. Mai lamba R6 shi ne batirin tocila da ƙaramar rediyo da muka saba da shi, ko da an rubuta masa "Heavy Duty" da manyan haruffa. An yi shi ne don na'urar da ke shan wuta kaɗan-kaɗan. Rikoda kuwa tana jan wuta da ƙarfi ba tare da hutawa ba, saboda haka ba ya daɗewa a cikinta. Wannan a bar wa tocila kayanta.

Mai lamba LR6, wato alkalin, ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma da shi kamfanoni kan auna tsawon aikin na'urorinsu. Misali, Zoom H4n mai cin batir biyu, an ƙiyasta mata kimanin awa 6 da alkalin. Sai dai wannan lissafi na makirufon da ke jikin rikodar ne. Da zarar an jona mata makirufon waje irin wanda ke buƙatar rikoda ta tura masa wutar bolt 48, lokacin zai ragu sosai. Alkalin yana farawa da bolt 1.5, yana sauka a hankali tun daga mintin farko, kuma yawan jan wuta na sa rikoda ta kashe kanta alhali da sauran ƙarfi a cikinsa. Ga kuma matsalar jabu a kasuwanninmu, inda fatar batir ke cewa abu ɗaya, cikinsa na cewa wani.

A ganina, wanda naɗar sauti ta zama masa aiki ya dogara da batir mai caji, mai lamba HR6, wanda ake rubuta wa NiMH. Mutane da yawa kan guje shi don sun ga an rubuta bolt 1.2, suna zaton ya fi alkalin rauni. Ba haka ba ne. Shi yana riƙe wannan 1.2 ɗin kusan har ƙarshen cajinsa, kuma jan wuta mai ƙarfi bai cika raunana shi ba, yayin da alkalin kan faɗo ƙasa da haka tun kafin ya ƙare. A nan ma akwai zaɓi. Tsohon samfurin NiMH yana zubar da cajinsa ko ba a yi amfani da shi ba, kuma zafi irin na watan Afrilu a Kano ko Sakkwato yana ƙara saurin zubar. Samfurin da ke riƙe caji, irin Eneloop da kamfanin Sanyo ya fito da shi a 2005, wanda yanzu yake hannun Panasonic, yakan yi watanni a jaka da mafi yawan cajinsa. Ƙarfinsa kusan mAh 1,900 zuwa 2,000 ne. Na fi amincewa da wannan ƙaramar lamba a kan batirin da ba a san asalinsa ba mai iƙirarin ninkinta.

Za a ce ina wutar da za a yi cajin? Tambaya ce mai ƙarfi. Amma wanda ke iya cajin wayarsa kullum, da sola ko da janareta, zai iya cajin batir huɗu, tunda akwai cajojin da ke aiki da wayar USB. Ga mai tafiya ƙauye na kwanaki kuma, guzurin da ya dace shi ne lithiyam mara caji, mai lamba FR6. Yana da tsada, amma ba shi da nauyi, yana jure zafi da sanyi, kuma yana shekaru a ajiye bai lalace ba.

Inda ya kamata a fi lura shi ne yadda batir ke mutuwa. Rikoda tana kammala rubuta bayanan fayil ɗin WAV ne a lokacin da aka tsayar da naɗi. Idan wuta ta yanke farat ɗaya kafin nan, fayil ɗin na iya ƙin buɗewa, a rasa awa guda ta waƙa ba minti ɗaya na ƙarshe kawai ba. Shi ya sa yawancin rikodoji suke da wurin da ake faɗa musu irin batirin da aka sa, alkalin ne ko NiMH, don alamar da ke kan allo ta faɗi gaskiya. Wanda bai saita wannan ba, alamar za ta yaudare shi. Saboda wannan dalili ne kuma nake ɗari-ɗari da sababbin baturan lithiyam masu caji da ke ba da bolt 1.5 cif: alamarsu kan nuna a cike har zuwa lokacin da za su ɗauke gaba ɗaya. Fawa-banki ma yana taimakawa, sai dai wasu kan kashe kansu idan na'urar ba ta jan wuta da yawa, don haka a bar batir a cikin rikodar ko da an jona shi, kuma a gwada a gida tukuna.

A wurin wasa, a shiga da sabon caji, a canza batir lokacin da makaɗa suka tsaya shan ruwa, bayan an tsayar da naɗi, ba sai alama ta yi ƙasa ba. Kada a haɗa tsoho da sabo, ko iri biyu, a rikoda ɗaya. A kuma kula da wani batir mai lamba 14500: girmansa daidai da AA, amma bolt 3.7 yake bayarwa, kuma yana iya ƙona na'urar da ba don shi aka ƙera ta ba. Idan an dawo gida za a ajiye rikoda na makonni, a cire alkalin daga ciki, domin ruwan da yake tsiyayarwa yana cinye ƙarafan da batir ke zama a kai.