Dattijo Andrew Pickens da Gādon Gidansa

Yau za mu duba labarin wani dattijon ikkilisiya na ƙasar Amurka da zuriyarsa, mu ga irin abin da uba yakan bar wa 'ya'yansa.

An haifi Andrew Pickens, wato Andarawus, a shekara ta 1739 a yankin Pennsylvania. Danginsa mutanen Sikotland ne da suka zauna a arewacin Ailan kafin su haye teku. 'Yan ɗarikar Firesbiteriya ne. Sunan nan daga kalmar Helenanci ne mai ma'anar dattijo, gama dattawan da jama'a suka zaɓa su ke riƙe da ikkilisiya tare da fasto. Iyalin suka yi ta ƙaura kudu neman gona, suka zauna a Virginia, daga nan suka kai Carolina.

Amma ƙasar da suke sharewa tana da masu ita, wato kabilar Cherokee. Ran 1 ga Fabrairu 1760 mayaƙan Cherokee suka fāɗa wa ayarin baƙi a Long Canes, suka kashe fiye da mutum 20. Wata yarinya, Rebecca Calhoun, wato Rifkatu, ta ɓuya ta tsira, amma aka kashe kakarta. Ita ce Andarawus ya aura a 1765, Allah kuwa ya ba su 'ya'ya 12.

A bakin dajin nan babu sojan gwamnati isasshe, sai dakarun sa-kai: manoma ne, in an yi kira su ajiye garma su ɗauki bindiga. Andarawus ya shiga cikinsu tun yana saurayi. Sa'ad da Amurkawa suka tashi neman 'yanci daga Ingila, ya zama shugabansu a yankinsa, ya ci nasara a Kettle Creek a 1779.

A 1780 birnin Charleston ya fāɗi hannun Ingila. Andarawus ya yi alkawari zai zauna a gida, ba zai ƙara yaƙi ba, su kuma za su kāre shi da dukiyarsa. Ya riƙe maganarsa wata da watanni, ko da yake yaƙi na ci kewaye da shi. Sai da magoya bayan Ingila suka washe gidansa, sa'an nan ya ce su suka fara ta da alkawarin, ya koma fagen fama, yana sane in an kama shi rataya ce. Ran 17 ga Janairu 1781 a Cowpens, aka sa mutanensa a sahun gaba, su yi harbi su ja da baya. Sojan Ingila suka zaci gudu ne, suka bi su, suka fāɗa tarko.

Ga mutum mai tsoron Allah, wanda bakinsa ɗaya ne. Amma kada mu tsaya nan. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye laifin Dawuda ba, mu ma ba za mu ɓoye nasa ba. Ya ƙone garuruwan Cherokee da gonakinsu. A 1785 yana cikin wakilan gwamnati da suka ƙulla yarjejeniya da Cherokee a Hopewell, inda ya yi gidansa, aka shata musu iyaka. Baƙi ba su kiyaye iyakar ba, a 1838 kuwa aka kori kabilar zuwa yamma, dubbai suka mutu a hanya. Banda haka, bayi baƙar fata ne suke nome masa gona, alhali shi dattijo ne a majami'a.

Ya rasu a 1817, aka binne shi kusa da majami'ar dutse da ya taimaka a gina, wadda take tsaye har yau kusa da garin Clemson. Ɗansa ya zama gwamnan Carolina ta Kudu a 1816. Jikansa Francis ya hau kujerar nan a 1860, sa'ad da jihar ta balle daga Amurka domin ta riƙe bauta, a zamaninsa kuma aka buɗe wutar yaƙin basasa a 1861. Abin da kaka ya zauna da shi bai tumɓuke ba, jika ya tsaya yana kārewa da jinin mutane.

'Yan'uwa, 'ya'yanmu suna gādon addu'armu da cika alkawarinmu. Suna kuma gādon zunubin da muka saba da shi har muka daina ganinsa, don kowa a gari yana yi. Gonar wa muka ci iyakarta? Hakkin wane ma'aikaci ke hannunmu ran Lahadi sa'ad da muke miƙa baiko? Bari kowane maigida ya bincike gidansa tun yau. Ubangiji ya buɗe idanunmu, ya ba mu ƙarfin gyarawa. Amin.