Ƙuri'ar ɗan zango

A unguwar Nima ta birnin Akra za ka tarar da mahauci ɗan Maraɗi da mai sayar da goro ɗan Kano suna sallah sahu ɗaya, kowannensu na aika kuɗin cefane gida duk wata. Amma ranar zaɓe hanyarsu ta rabu.

Nijar ta ɗauki 'yan ƙasarta mazauna ƙetare a matsayin jiha ta tara, ta ware musu kujeru 5 cikin 171 na majalisar dokoki. Sun zaɓi wakilansu a 2016. A 2020 annobar korona ta hana a yi musu rajista, kujerun suka zauna ba kowa har zaɓen cike gurbi na watan Yunin 2023, wata guda kafin sojoji su karɓi mulki su rushe majalisar. Duk da haka, an gwada kuma an ga abin yana yiwuwa.

Ɗan Kanon kuwa ko katin zaɓe ba zai yanka ba sai ya hau mota ya koma gida, domin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗaure rajista da zama cikin ƙasa. A watan Maris na 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudirin gyara wannan sashe.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake muhawarar. Da an ce mazauna ƙetare, hankali sai ya tafi kan likitocin Landan da injiniyoyin Amurka, masu fasfo da adireshi. Namu mutanen da dama suna Kumasi, Abijan, Yawunde da Jidda: 'yan ci-rani, dillalan shanu, masu wankin takalmi, masu shayi. Wani ya shekara ashirin a waje bai taɓa riƙe fasfo ba. Idan gyaran ya zo da sharaɗin fasfo da layi a ƙofar ofishin jakadanci, to an ba wasu ƙuri'a an bar waɗannan a baya. (Ban da Hausawan da aka haifa 'yan Gana ko Kamaru, su a can suke zaɓensu.)

Dole dokar ta amince da lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma jami'an hukumar zaɓe su shiga zango da na'urorinsu su yi rajista a ƙofar sarkin zango, wanda ya san baƙo ya san ɗan gari.