Amosanin ido: ƙwaya sau ɗaya ko man shafawa na mako shida?

A ƙauyukan da ke gefen dajin Birnin Gwari, inda zuwa asibiti kan ci wuni guda, tsawon lokacin shan magani ba ƙaramar magana ba ce. Amosanin ido ya nuna haka ƙarara. Ƙwayar cutar bakteriya ce ke haddasa shi, ƙudaje da hannaye da tsummokaran goge fuska suna yaɗa ta tsakanin yara. Idan ta yi ta dawowa shekara da shekaru, sai cikin fatar ido ya yi tabo, gashin ido ya juya ciki yana kankarar ido har mutum ya makance.

Magunguna biyu ake amfani da su. Na farko man tetracycline ne, ana matsa shi a ido safe da yamma har mako shida. Yana da araha, yana kuma aiki. Amma uwar da ke fama da gona da girki, ga yaro yana ihu saboda yaji da dishi-dishin da man ke sawa, da wuya ta kai ƙarshen mako shida. Da jan idon ya lafa, sai a ajiye.

Na biyu azithromycin ne, sha ɗaya tak: miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin jiki, babba kuma giram ɗaya. Wani gwaji da aka yi a Gambiya, wanda aka wallafa a 1993, ya nuna sha ɗayan nan ya yi daidai da man wajen warkarwa. Tun 1998 kamfanin Pfizer ke bayar da shi kyauta, masu rabo kuma suna auna tsayin yaro da sanda su san adadin da ya dace da shi. A ganina ya fi dacewa da karkara, domin a gaban mai rabo ake haɗiye shi. Jariran da ba su kai wata shida ba kam man ake ba su.

A kula, ba kowane jan ido ne amosani ba. Apolo yawanci bairos ne, waɗannan magunguna ba sa kashe shi. Maganin ma ba ya miƙe gashin idon da ya riga ya juya, wannan sai ƙaramar tiyata.

Jama'a, idan masu rabo sun iso unguwa, a fito da yara, a kuma riƙa wanke musu fuska kullum.