Famfon juya ruwa a tankin kifi: me lambobin jikin kwali suke nufi?

Idan ka ajiye tankin kifi a tsakar gida a Rimaye, ko kana shirin ajiyewa, ba jimawa wani zai ce maka sai ka sayi famfon juya ruwa. Za ka buɗe waya ka tarar da famfuna iri-iri: wannan an rubuta yana tura lita 10,000 a awa ɗaya kuma wutar da yake ci ba ta kai ta kwan fitila na da ba, wancan lita 2,000 kawai amma ya fi tsada. Hankali zai ce ka ɗauki na farkon. To dakata tukuna, domin mai yiwuwa wannan famfon ba don kifinka aka ƙera shi ba.

Irin waɗannan famfuna masu farfela an yi su ne don masu ajiye murjani a akwatin gilashi na ruwan gishiri, abin da ya zama ruwan dare a Turai da Amurka. Murjani dabba ce, ko da yake kama da dutse ko reshen itace take yi, kuma a manne take wuri guda. A Bahar Maliya ko a gaɓar Ostireliya, igiyar teku ce ke kawo mata abinci ta kuma kwashe mata ƙazanta. Shi ya sa mai ajiye ta a gida yake so ruwan akwatin ya juya sau 10, sau 20, wani lokaci fiye da haka, a kowace awa. Famfon nasu yana kaɗa ruwa da yawa a cikin akwati, amma ba shi da ƙarfin ɗaga ruwa sama ta cikin tiyo. Tarwada kuwa ba ta neman guguwa. Idan ruwa ya yi mata ƙarfi, abincin da ka saya da tsada a iyo zai ƙare maimakon ya zama tsoka.

To me ya sa ake motsa ruwan tun farko? Dalilai biyu ne, kuma na farkon shi ne iskar oksijin. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ce, amma ruwa ɗan kaɗan yake iya riƙewa, kuma yana ƙara zafi yana ƙara sakinta. Ruwan daɗi mai zafin digiri 20 a ma'aunin Salshiyas yana riƙe kusan miligiram 9 a kowace lita. A digiri 30 ya sauko wajen 7.6, a digiri 35 kuwa wajen 7. Wannan iyakar abin da zai iya ɗauka ke nan, kafin kifi ya fara sha. Abin takaicin shi ne zafin da ke rage oksijin shi ne kuma ke sa jikin kifi ya ƙara buƙatarta. Ka tuna yadda Afrilu da Mayu suke a ƙasar Kankia, sannan ka tuna tankin baƙar roba da ke shan rana tun hantsi. Masu kiwo na so a tsaya a kan miligiram 5 ko sama idan ana son kifi ya yi girma yadda ya kamata.

Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba: ruwan rijiyar burtsatse, duk da tsabtarsa a ido, yawanci oksijin ɗinsa kaɗan ce, tunda ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa bai haɗu da iska ba. Kuma idan ruwan tanki ya yi kore da gansakuka, da rana tana ba da oksijin, da dare tana sha. Shi ya sa idan kifi zai galabaita, da asuba ne.

A nan dole ka san kifin da kake da shi. Babbar tarwada tana da wata gaɓa a cikin kanta, sama da inda take numfashi a ruwa, wadda ke ba ta damar hawowa ta haɗiyi iska kai tsaye. Ai shi ya sa kake ganinta a kasuwa cikin baho da ɗan ruwa tana ta motsi har yamma. Karfasa ba ta da wannan gata. Haka ma 'ya'yan tarwada a makonninsu na farko, kafin gaɓar ta ƙosa. A ganina, mai manyan tarwada ƙalilan da ke sauya musu ruwa kullum ko bayan kwana biyu yana iya zama ba famfo ma, ya kai tsohon ruwan lambu. Famfo yana zama dole ne idan karfasa ce, ko 'ya'yan kifi, ko kifin ya yi yawa, ko kuma ruwan sauyawa ya yi wuya kamar yadda yake yi da bazara.

Dalili na biyu shi ne amoniya. Kifi na fitar da ita kullum, ragowar abinci ma idan ya ruɓe yana ƙarawa, kuma gubarta na ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke zama a jikin tsakuwa ko soso su mayar da ita wani sinadari mai sauƙin illa, amma sai an kai musu ruwan, kuma su ma oksijin suke sha. Aikin famfon ke nan: ya ɗebi ruwa daga tanki, ya hau da shi zuwa durom ɗin tacewa, ruwan ya dawo yana fantsama.

Yanzu lambobin kwali. Guda uku za ka nema: lita nawa a awa, mita nawa yake iya ɗaga ruwa, da wat nawa yake ci. Dabarar 'yan kasuwa tana cikin biyun farko. Lita da aka rubuta ita ce wadda famfon zai tura idan ba ya ɗaga ruwan ko taƙi ɗaya. Mitar da aka rubuta kuwa ita ce tsayin da idan ya kai, ruwa ya daina fitowa gaba ɗaya. Ba ka samun biyun a lokaci guda. Famfon da aka rubuta lita 3,000 da mita 2, idan durom ɗinka na sama da fuskar ruwa da mita ɗaya da rabi, abin da zai fito ba zai kai rabi ba. Masu ƙira na kirki suna zana layi a kwali ko takardar ciki da ke nuna lita nawa a kowane tsayi. Idan babu, zaɓi wanda tsayinsa ya ninka abin da kake buƙata. Siririn tiyo da yawan lanƙwasa ma suna cin ƙarfin famfo, don haka kada ka rage faɗin bakin da ya zo da shi.

Mu yi lissafi. Tanki mai lita 2,000, kana so duk ruwan ya ratsa matacin sau ɗaya a awa, tsayi mita 1.5. Ƙarfin da ake buƙata don ɗaga wannan ruwan wat 8 ne da ɗan ɗoriya. Ƙananan famfuna suna ɓarnar mafi yawan wutarsu, saboda haka ka sa rai da na wat 30 zuwa 40. Kwatanta da famfo mai rabin ƙarfin doki da ake cika tankin sama da shi, wanda ke cin wat 370 ko fiye. Na wat 40 a awa 24 kusan yunit ɗaya na wuta zai ci, wancan kusan tara, kuma ba a yi shi don ya kwana yana aiki ba.

Wannan bambancin shi ke yanke hukunci idan an ɗauke wuta. Famfon wat 40 na awa 12 na dare yana buƙatar wat-awa 480. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, kuma irin na dalma ba a so a sha fiye da rabinsa, wato 600. Ka ga zai kai ka asuba, sola ta cika shi da rana. Idan kuɗin bai kai ba, ɗan injin hura iska mai sa kumfa ya fi cancanta a ɗora wa batir, tunda wutarsa ba ta da yawa kuma oksijin ce matsalar dare. Amma kada matacin ya daɗe a tsaye, bakteriyar cikinsa na mutuwa idan ruwa ya daina ratsa su.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Famfon da ake nutsawa cikin ruwa, ruwan ne ke sanyaya shi, idan ya yi aiki a bushe zai ƙone. Sa raga a bakinsa kada ya zuƙe 'ya'yan kifi, kuma ka riƙa buɗe shi kana wanke farfelar, musamman da hunturu da ƙura ke sauka. Duba wayarsa ko ɓera ya taɓa ta, kuma ka zare filogi kafin kai ko yara su sa hannu cikin tankin.